Baƙin 'yan wasa ne suka hana Ingila kofi, ko matsalar na wani wuri?

Ɗan Ƙofar Mata ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so waɗanda suka riga ni fara kallon ƙwallo su warware mini ita. Shin cika gasar cikin gida da 'yan wasan ƙasashen waje shi ke karya tawagar ƙasa?

Ingila nake nufi musamman, don ita muke kallo duk mako. Ina da ɗan gidan kallo, ni nake rubuta wasannin rana da alli a allon bakin ƙofa, kuma na saba da tsayawa in karanta sunayen 'yan wasa idan aka sako su a talabijin kafin a take wasa. Sau da yawa sai ka bi sunaye goma sha ɗaya na babbar ƙungiya daga gola har ɗan gaba, ka ga 'yan Ingila biyu ne ko uku. Sauran daga Brazil, Faransa, Holan, Ghana, Senegal da namu na Najeriya. Kowa a benci cewa yake babu gasar da ta kai Firimiya kuɗi da daɗin kallo, kuma ban musa ba. To amma ƙasar da ke da wannan gasa rabonta da kofin duniya tun 1966, wanda ta ci a gida, a Wembley, da ta doke Jamus ta Yamma 4-2. Kofin nahiyar Turai kuwa mazansu ba su taɓa ɗaga shi ba. Sun je wasan ƙarshe sau biyu a jere, Italiya ta cinye su a bugun fenareti a 2021, Sifaniya ta ci su 2-1 a 2024.

Ku duba yadda abin ya tafi. A makon farko na Firimiya a 1992, 'yan wasa 13 ne kacal suka buga waɗanda ba 'yan Birtaniya ko Ailan ba, irin su Schmeichel da Cantona da Kanchelskis. Sai aka yi hukuncin Bosman a 1995, aka cire ƙayyade adadin 'yan Tarayyar Turai, ƙofa ta buɗe. Ranar 26 ga Disamba 1999 Chelsea ta fita wasa da Southampton babu ɗan Birtaniya ko ɗaya cikin waɗanda suka fara, har da Celestine Babayaro, yaron Kaduna, a bayan hagu. A 2005 Wenger, kocin Arsenal, ya zo wasan Crystal Palace, daga fili har benci babu ɗan ƙasa. Shekara biyu bayan nan Kuroshiya ta zo Wembley ta ci 3-2, Ingila ta rasa zuwa gasar Turai ta 2008 gaba ɗaya. A 2013 shugaban hukumar ƙwallonsu, Greg Dyke, ya fito yana kukan cewa 'yan Ingila sun koma kusan kashi ɗaya cikin uku na masu fara wasa a gasar ƙasarsu.

Italiya ma ta ƙara mini ƙarfin zato. Inter ta ɗauki kofin zakarun Turai a 2010 ba tare da ɗan Italiya ko guda a cikin goma sha ɗayan farko ba. A shekarar aka cire Italiya a zagayen rukuni na kofin duniya, aka sake cire ta a 2014, sannan ko zuwa ba ta yi ba a 2018 da 2022.

Ni dai zuciyata ta karkata ga cewa baƙin nan sun yi ɓarna. Kuma abin ya dame ni ne saboda ina jin wasu na cewa maganin gasarmu ta Najeriya shi ne a zuba kuɗi a kwaso 'yan waje. In har abin da ya sami Ingila ke nan, me zai kai mu?

Tsohon Gola ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, tambayarka mai kyau ce, kuma shekarun da ka kawo duk daidai suke. Inda ka yi tsallake shi ne ka fara lissafi daga 1992. Ni na fara bin ƙwallon Ingila ne a rediyo da jarida tun kafin a haifi Firimiya, bari in mayar da kai baya kaɗan.

Tun daga shekarun 1930 har 1978 ƙofar Ingila a rufe take. Ɗan wata ƙasa ba ya zuwa kawai ya sa hannu ya hau buga wa ƙungiya. Sai a 1978 aka sassauta, Tottenham ta kawo Ardiles da Ricky Villa bayan Ajantina ta ci kofin duniya, mutane suna ta mamaki. To a wannan zamani na rufaffiyar ƙofa me Ingila ta yi? Ba ta je kofin duniya na 1974 ba, Poland ta tare ta. Ba ta je na 1978 ba, Italiya ta tare ta. Kuma ka san abin da ya fi ban mamaki? Daga 1977 zuwa 1982, shekara shida a jere, ƙungiyoyin Ingila ne ke ɗaukar kofin zakarun Turai: Liverpool sau uku, Nottingham Forest sau biyu, Aston Villa sau ɗaya. Babu ɗan Brazil, babu Bafaranshe, amma tawagar ƙasa tana zaune a gida tana kallon wasu. Haka a 1994, lokacin baƙin ba su taka kara sun karya ba, Ingila ba ta je Amurka ba, mu muka je da Yekini da Amokachi. Wa za a ɗora wa laifin waɗannan shekarun?

Abin da na gani da idona shi ne, ɗan wasan Ingila na da ƙarfi ne da gudu da zuciya, amma ba a koya masa riƙe ƙwallo ba. A buga ta sama, a bi ta da gudu, a sa kai. Idan suka haɗu da waɗanda suka iya ajiye ƙwallo a ƙasa sai su yi ta zagaye har su gaji. Zuwan irin su Bergkamp da Zola da Vieira, da koci irin Wenger da ya sauya musu hatta abincin da suke ci, shi ya fara buɗe musu ido. Lampard da Terry a gefen Zola da Desailly suka girma. Ashley Cole kullum Henry da Pires yake tarewa a atisaye, ya zama ɗaya daga cikin 'yan bayan hagu mafi ƙwarewa a zamaninsa.

Sa'annan ka dubi abin da ya faru a zamanin kukan Dyke ɗin nan da ka ambata. Ba su kori kowa ba. A 2012 sun buɗe cibiyar horo ta St George's Park, ƙungiyoyi kuma suka shiga sabon tsarin renon yara, aka tilasta musu sa ƙwararrun masu horarwa da ƙara wa yara awannin atisaye. Shekara biyar kacal, a 2017, Ingila ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da 20 a Koriya ta Kudu, ta kuma ci na 'yan ƙasa da 17 a Indiya, inda Sifaniya ta fara jefa musu biyu suka farke suka tashi 5-2. Foden da Guehi na wannan tawagar su ne suka fara wasan ƙarshe a Berlin a 2024. Wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniya na 2018, wasan ƙarshe biyu a Turai, duk sun zo ne a lokacin da baƙi suka fi yawa a gasarsu. Tun 1966 Ingila ba ta taɓa samun shekaru masu kyau a jere irin waɗannan ba. Rashin kofi a bugun fenareti ba Salah ko De Bruyne ne suka jawo shi ba.

In kana neman inda baƙi suka danne 'yan gida da gaske, dubi kujerar koci. Rabon da ɗan Ingila ya ci babbar gasar ƙasarsa a matsayin mai horarwa tun Howard Wilkinson da Leeds a 1992, kafin a sauya mata suna. Shi ya sa ƙasar da ke alfaharin ita ta tsara dokokin wasan ta ɗauko Eriksson daga Suwidin, ta ɗauko Capello daga Italiya, ta zo ta ɗauko Tuchel, Bajamushe. Wannan ne ya kamata ya hana su barci.

Mazaunin Jidda ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, na ƙaru da tarihin nan. Amma a yi mini afuwa, ba zan bi ka har ƙarshe ba, domin ina zaune a inda ake gwada abin a gaban idona.

A Nuwamba 2022 Saudiyya ta doke Ajantina 2-1 a Ƙatar. Duk 'yan wasanta 26 a gasar gida suke, mafi yawansu Al Hilal da Al Nassr, sun san juna, kuma suna buga wasa a kai a kai. Washegari hutu aka bayar a ƙasar baki ɗaya. Wata biyu ba a yi ba Ronaldo ya sauka a Al Nassr, sai Benzema da Kante suka zo nan Al Ittihad, Neymar da Mitrovic da Bono suka tafi Al Hilal, Mane ya bi sahu. Ƙungiya na iya ɗaukar baƙi takwas, daga baya aka kai goma. Yanzu ka lissafa: idan takwas na cikin fili baƙi ne, gurbi uku ya rage wa 'yan ƙasa. Al-Owais, golan da ya hana Messi da mutanensa farkewa a ranar nan, zuwan Bono ya zaunar da shi a benci. Saleh Al-Shehri da ya ci wa Saudiyya ƙwallonta na farko ya koma jiran Mitrovic ya gaji, da ya sauya sheƙa zuwa Al Ittihad kuma ya tarar da Benzema. Mancini da ya karɓi tawagar a 2023 ya yi ta faɗa a gaban 'yan jarida cewa yawancin waɗanda yake gayyata ba sa samun wasa a ƙungiyoyinsu. An cire su a zagayen 'yan 16 na kofin Asiya, Indonesiya ta riƙe su 1-1 a nan Jidda, aka raba gari da Mancini, Renard ya dawo, Indonesiyar ta ci su 2-0 a Jakarta. Sun samu gurbin kofin duniya na 2026, amma sai da aka kai ga ƙarin zagaye.

Bambancin shi ne ɗan Ingila da ya rasa wuri yana da inda zai je. Akwai Championship, rukuni na biyu a ƙasan Firimiya, gasa mai zafi, akwai Jamus. Ɗan Saudiyya albashinsa a gida ya fi abin da za a ba shi a Turai, don haka sai ya zauna a bencin ya karɓi kuɗinsa.

Kuma Italiyar da ka tsallake tana goyon bayan mai tambaya. Bayan Koriya ta Arewa ta kunyata su a 1966 sun rufe ƙofa har 1980. A tsakanin nan sun ci kofin Turai a 1968, sun je wasan ƙarshe na duniya a 1970, yaran da suka taso a lokacin kuma suka ɗauki kofin 1982. Masar ta hana ɗaukar gola daga waje a gasarta, kuma ba ta rasa masu tsaron raga nagari. Ko wasan Berlin ɗin da ka ambata, wa ya fara jefa wa Ingila ƙwallo? Nico Williams na Athletic Bilbao, ƙungiyar da ba ta ɗaukar kowa sai wanda aka haifa ko aka rena a yankin Basque. Golan Sifaniya na ranar, Unai Simon, shi ma nasu ne. Ƙayyadewa tana da amfaninta, musamman a wurin gola da lamba tara, wato ɗan gaba, inda mutum ɗaya ake sawa.

Kocin Yara ya amsa:

Yayyena, ku duka kun faɗi gaskiya, amma ni da nake tsaye a fili da yara kullum yamma ga inda nake ganin abin yake.

Daga shekara 17 zuwa 21 ake yin ɗan wasa ko a rasa shi. Kafin nan koyo yake, bayan nan ya riga ya daskare a yadda yake. Abin da yake buƙata a wannan tsakanin shi ne wasa na gaske, mai maki uku, da 'yan kallo suna zaginsa idan ya zubar. Baƙo nagari yana ƙara masa ilimi a atisaye. Baƙo maras kyau, wanda aka kawo don yana da arha ko don wani dillali zai ci lada, shi ne ke cinye masa waɗannan shekarun a banza. Foden ya zauna a City ya koya a hannun David Silva, ya yi sa'a. Sancho abokinsa ya ga babu hanya ya tafi Dortmund a 2017. Bellingham ya bar Birmingham ya bi shi a 2020. Cole Palmer sai da ya bar City ya koma Chelsea a 2023 kafin a san ko wane ne shi, shekara na zagayowa shi ya farke wa Ingila a wasan ƙarshe. Kane kansa aro aka yi ta ba da shi, Leyton Orient, Millwall, Norwich, Leicester. Dokar da Firimiya ta kafa a 2010 ta cewa cikin 'yan wasa 25 baƙi ba za su wuce 17 ba, ba ta duba fasfo, shekarun da yaro ya yi a makarantar ƙwallonsu kafin ya kai 21 take dubawa. Shi ya sa Fabregas ya shiga lissafin 'yan gida.

Amma mai gidan kallo, tsoron da kake ji game da gasarmu, ka kwantar da hankalinka, ba mu kai can ba. Gasarmu kusan duk 'yan gida ne, sai ɗaiɗaiku daga maƙwabta. In da rashin baƙi ke kawo nasara da mun fi kowa. Rabon ƙungiyar Najeriya da kofin zakarun Afirka tun Enyimba a 2003 da 2004. A gasar 'yan wasan cikin gida ta Afirka Maroko ta ci mu 4-0 a wasan ƙarshe na 2018, a 2025 Sudan ta sake yi mana 4-0. Mun ci kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 sau biyar, ina yaran suke tafiya?

Ina da wani yaro mai ƙafar hagu, ɗan tsakiya. Fili namu turɓaya ce da tsakuwa, ƙwallo ba ta tafiya daidai, don haka ya koyi tare ta da tafin ƙafa kafin ya ɗaga kai, kuma yana ganin fasin da manya ba sa gani. Takalminsa na dama ya yage a gefe, da zare da allura ya ɗinke shi a gabana. Na kai shi gwaji wata ƙungiya, yara sun fi ɗari, aka ba kowa minti kaɗan, wanda ke zaɓen ma rabin lokacin yana waya. Aka ce ya yi ƙanƙanta. Babu ɗan Mali ko ɗan Togo da ya ƙwace masa wuri, tawagar matasa ce kawai babu a ƙungiyar da za a ajiye shi ya girma. Yanzu ƙanin babansa na neman sayar da fili don wani ya yi musu alkawarin kai shi waje, ni kuma ina ta roƙonsu su dakata.

Ku dubi tawagarmu ta ƙasa ma. Iwobi renon Arsenal ne, Ola Aina na Chelsea, Bassey na Leicester. Lookman yana cikin waɗanda suka ci wa Ingila kofin 2017 ɗin da Baba ya ambata, ya dawo mana, ya zama gwarzon Afirka a 2024. Makarantun Ingila ne ke rena mana 'yan wasa. Maroko kuwa ta haɗa biyun: ta kira 'ya'yanta na Turai irin su Hakimi da Ziyech, ta kuma gina makarantar Mohammed VI da ta fitar da En-Nesyri da Aguerd da Ounahi, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 2022.

Ɗan Damagaram ya amsa:

Sannunku da hira. Ku tuna fa ɗan wasan da wata ƙasa ke kira baƙo, wata ƙasar ɗanta ne. Mu a Nijar lokacin da Mena, tawagar ƙasarmu, ta doke Masar 1-0 a Yamai a 2010, ta kuma je kofin Afirka a 2012 da 2013, ƙarfinmu ya zo ne daga waɗanda suka fita. Maazou da ya ci ƙwallon a Turai yake wasa, gola Kassaly Daouda kuma Coton Sport ta Garwa ce ta goge shi a wasannin Afirka. Da kowa ya rufe ƙofarsa da ba mu ga wannan rana ba. Ajantina ma da ta ci kofin 2022, mutum ɗaya ne cikin tawagar ke wasa a gida, Armani, kuma a benci ya kalla.

Ɗan Ƙofar Mata ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, batun 1974 da 1978 ya shige ni. Sai dai maganar mutumin Jidda kan gola da lamba tara har yanzu tana nan daram a wurina, don bayan Kane ban ga jerin 'yan gaban Ingila da ke cin ƙwallo a manyan ƙungiyoyinsu ba. Koci, ga tambaya ta ƙarshe: Keshi ya ci wa Najeriya kofin Afirka na 2013 da 'yan gida a tawagarsa, Sunday Mba ne ya ci Kodebuwa ya kuma ci Burkina Faso a wasan ƙarshe. Me zai hana a sa doka cewa dole kocin Super Eagles ya riƙa gayyatar wani adadi daga gasar gida?

Kocin Yara ya amsa:

Yaya, Keshi ba doka ce ta sa shi ba. Tara 'yan gida ya yi a sansani tsawon watanni, yana buga wasannin sada zumunta da su, yana zubar da wasu yana ɗauko wasu, har ya tace irin su Mba da Oboabona. Kuma a lokacin Pillars na cin gasa a jere, 2012, 2013, 2014, filin Sani Abacha cike, ɗan wasa ya saba da matsi. Afirka ta Kudu da ta zo ta uku a kofin Afirka a farkon 2024, ta kuma sha gabanmu a neman gurbin 2026, ƙashin bayanta 'yan Mamelodi Sundowns ne, ƙungiyar da ke ɗauko 'yan wasa har daga Kudancin Amurka, amma tana biyan 'yan gida abin da zai zaunar da su. Idan aka tilasta wa koci adadi, sunaye zai cike da su ya bar su a benci, dillalai kuma su samu sabuwar kasuwa. Dokar da nake so a tsaya a kanta ita ce duk ƙungiyar da ba ta da tawagar 'yan ƙasa da 17 mai buga gasa ta gaske, ko wadda 'yan wasanta ke bin ta albashi, a hana ta rajistar kaka mai zuwa. Ahmed Musa yana da shekara 17 ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kaka ɗaya, saboda an sa shi a fili kowane mako. Yaron da na ba ku labari shekararsa 16, kuma gasar da yake bugawa a yanzu ta unguwa ce, wadda ake yi lokacin hutun makaranta.